Ɗigon shan inna: shin yawan maimaita shi ba ya cutar da yaro?

Baban_Nana:
Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da tambayar da ta hana ni sukuni tun shekaranjiya, kuma ina roƙon wanda ya san abin ya ba ni amsa ta gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Ɗiyata tana da shekara biyu da wata huɗu. An yi mata duk rigakafin da ke cikin karne a CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwarmu nan Tawa, ɗigon baki da allura, babu wanda uwarta ta tsallake. Amma duk lokacin da masu bi gida-gida suka zo da kularsu sai su sake ɗiga mata, su shafa mata tawada a ɗan ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a ƙofar gida. Na ƙirga, abin ya kai sau tara. Shekaranjiya wani abokin aikina ya ce mini ya ji a rediyo cewa shan innar da ake samu yanzu a Nijar daga cikin maganin kansa take fitowa. To in haka ne, me ya sa za a ci gaba da ba yaran da suka riga suka gama nasu? An ce za su sake zagayowa cikin wannan wata, ni kuwa ban yanke shawarar buɗe musu ƙofa ba tukuna.

Ɗan_Adar:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi tambayar da ke cikin zukatan mutane da yawa. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, zazzaɓin cizon sauro ne ke kwantar mana da yara kowace damina, kuma ko da yake an ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, sau da yawa sai a ce maganin ya ƙare, a rubuta maka takarda ka je ka saya da kuɗinka. Wannan ɗigon kuwa har cikin ɗaka ake biyo ka da shi. Dole mutum ya tsaya ya yi tunani.

Majo_mai_ritaya:
Malam Baban Nana, na yi shekaru ina aikin rigakafi a karkarar Buza da Keita kafin in huta, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Abokin aikinka ya kamo bakin zare, sai dai bai bi shi har ƙarshe ba.

Ɗigon da ake ba yara a baki yana ɗauke da ƙwayar cutar shan inna mai rai, amma wadda aka raunana. Tana zama cikin hanjin yaro na ƴan makonni, jiki ya koyi yaƙi da ita, tana kuma fita tare da bayan gida. Daga nan haɗari iri biyu ke iya tasowa, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne yaron da aka ɗiga wa shi kansa ya shanye. Wannan yana faruwa, ba zan musa ba, amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, shi ne kusan sau ɗaya cikin shan ɗigo miliyan 2 da dubu 700, kuma galibi a shan farko ne, ko ga yaron da aka haifa da garkuwar jiki mai rauni ƙwarai. Yarinyar da ta sha sau tara, ta kuma samu allura, ta riga ta wuce wannan gaɓa.

Na biyu shi ne wanda aka yi magana a kai a rediyo. A garin da yara da yawa ba su da rigakafi, ga najasa tana haɗuwa da ruwan sha, ƙwayar da ta fita daga cikin wanda aka ɗiga wa sai ta shiga wanda ba a ɗiga wa ba, daga shi ta wuce wani, ta yi ta yawo wata da watanni, wajen shekara ko fiye, tana sauya kama kaɗan-kaɗan har ƙarfinta ya dawo. Wanda take shanyewa a ƙarshe shi ne yaron da ba shi da kariya. Inda kusan kowane yaro ya sha, ba ta samun wurin sauka, sai ta mace a hanya. Shi ya sa idan aka gano ta a wata jaha ake sake zagaye, a ɗiga wa kowa a kwanaki kaɗan, domin a toshe mata ƙofofi a lokaci guda.

Maman_Biyu_Wadata:
Baba Majo, Allah ya saka da alheri. Amma ban ji amsar yawan shan ba. Mu mun san ko farasitamol ne idan ya yi yawa yana illa. Shi wannan ba shi da iyaka ne?

Majo_mai_ritaya:
Ɗiyata, rigakafi ba kamar maganin da ke taruwa a hanta ba ne. Idan jikin yaro ya riga ya san ƙwayar, sabon ɗigon da ya sha ba ya samun wurin zama a hanji, jiki ya kawar da shi, kariyar ta ƙara ƙarfi. Dalilin maimaitawa kuwa shi ne, a ƙasashenmu masu zafi, inda gudawa da tamowa da wasu ƙwayoyin hanji suka yi yawa, ɗigo ɗaya ba ya kamawa yadda yake kamawa ga yaron Turai. Wani yaron sai ya sha sau da yawa kafin jikinsa ya ɗauka, kuma babu yadda mai ɗiga magani zai gane hakan da ido a bakin ƙofa.

Ƴar_Ƙonni:
Ni a Birnin Ƙonni na tashi, kuma duk abin da aka faɗa a Sakkwato da safe kafin azahar ya iso mana ta Illela. Na tuna lokacin da aka hana wannan ɗigo a Kano, aka ce an sa masa maganin hana haihuwa. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya hana a ɗiga wa ƙannena biyu. Mutane ba haka kawai suka tsorata ba, domin kafin nan an taɓa gwada wani magani kan yara a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malamin_lakwal:
Hajiya, abin da kika faɗa ya faru, amma abubuwa biyu ne daban, kuma ya kamata a raba su. Na farko a 1996 ne, lokacin annobar sanƙarau a Kano, inda kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan kan yara marasa lafiya. An yi shari'a mai tsawo, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan maganin sanƙarau ne da ba a gama tantancewa ba, ba shi da alaƙa da ɗigon shan inna, wanda Albert Sabin ya samar kuma ake amfani da shi tun farkon shekarun 1960. Na biyu shi ne dakatar da rigakafin a 2003. An kai maganin ɗakunan bincike, kuma Kano ta dawo da shi a watan Yulin 2004 bayan an kawo wanda aka yi a Indonesiya, ƙasar Musulmi. A tsakanin nan da shekarar da ta biyo baya cutar ta bazu daga arewacin Najeriya zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Yaman da Indonesiya ɗin kanta. Mu da ke bakin iyaka muna cikin waɗanda suka ɗanɗana.

Maganar hana haihuwa kuwa, a duba ƙasarmu. An fi shekara ashirin ana wannan zagaye a Nijar, ƴan matan da aka ɗiga wa suna goye su ne iyaye mata a yau. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace ɗaya na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, adadin da ke sahun gaba a duniya.

Ƴar_Ƙonni:
Malam, na karɓi gyara kan shekarun. Ƙanwata da aka hana ta sha a lokacin, daga baya an ɗiga mata, kuma yau ƴaƴanta huɗu. Abin da nake nufi kawai shi ne a daina kallon masu tsoro kamar jahilai. A zauna da su a yi musu bayani yadda Baba Majo ya yi a nan.

Tela_mai_keke:
Ina karanta ku tun ɗazu, na ga bai kamata in yi shiru ba. Ni an haife ni a wani ƙauye kusa da Madawa, kuma ina da shekara uku cutar ta kama ni. Innata ta ce zazzaɓi na yi na kwana biyu, a rana ta uku ta tsayar da ni don ta yi mini wanka sai na zube, ƙafafuna suna lilo kamar igiya. Mutanen gari suka ce Inna ce ta sha ni, aka kai ni wurin masu bori, aka yanka abin da aka yanka, ƙafa ba ta dawo ba. Da rarrafe na yi karatun allo, da takalman roba a hannu saboda zafin ƙasa. Yau alhamdulillahi ina da shagon ɗinki da keken hannu, ina ciyar da iyalina, ban raina ni'imar Allah ba. Amma ranar da aka haifi ɗana na fari, ni da kaina na tura kekena har likita na tabbatar an ɗiga masa kafin a sallami uwarsa. Malam Baban Nana, ba zan ce maka haɗari babu ba, tunda masana sun ce akwai ɗan kaɗan. Ni dai na san nauyin ɗaya ɓangaren, domin shekara arba'in ke nan ina ɗauke da shi.

Maman_Biyu_Wadata:
Allah ya ƙara rufa asiri, yaya. Wallahi maganarka ta shige ni.

Makiyayin_Abalak:
Ni damuwata ba ta ƙwayar ba ce, ta zafi ce. Mu a daji muke, kuma masu rigakafin kan same mu a bakin rijiya ko ranar kasuwa, bayan sun yi tafiyar awa da awanni bisa babur cikin ranar bazara. An ce maganin nan sanyi yake so. Ta yaya zan san bai lalace ba kafin ya iso mashekarinmu? Kuma idan ya lalace, ba ya zama guba?

Ungozoma_Tawa:
Malam, wannan tambaya tana da amsar da kai kanka za ka iya gani da idonka. Ɗigon shan inna yana cikin rigakafin da suka fi rashin jure zafi, shi ya sa a jikin kowace ƴar kwalba akwai tambari: da'ira mai duhu, a tsakiyarta ɗan murabba'i mai haske. Duk zafin da kwalbar ta sha, murabba'in yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa baya ko an mayar da ita firiji. Muddin ya fi da'irar haske, maganin yana da kyau. Idan launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, ba a amfani da kwalbar. Haƙƙinka ne ka ce a nuna maka kafin a ɗiga wa ɗanka, kuma ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Ka duba cikin kular ma ka ga akwai ƙanƙara. Sannan bakin maɗigin bai kamata ya taɓa leɓe ko harshen yaro ba, daga sama ake sakin ɗigo biyu.

Wanda zafi ya kashe ba ya zama guba, aikinsa ne kawai yake rasawa. Sai dai wannan ma ba ƙaramar illa ba ce, domin uwa za ta koma gida da tawada a yatsan ɗanta tana zaton ya samu kariya alhali bai samu ba.

Tunda na shigo, bari in ƙara abin da nake gaya wa masu jego. Ana ɗigon farko ranar haihuwa, sannan a sati 6, da 10, da 14, kuma a sati 14 ake haɗawa da allurar shan inna, wadda ƙwayar cikinta matacciya ce, ba ta iya haddasa cutar ko kaɗan. Bayan allurar wurin kan ɗan yi ja ko yaro ya yi ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu. Mura ko ɗan zazzaɓi ko gudawa ba sa hana ɗigo, haka ma shan nono. Yaron da lokotoro ya tabbatar garkuwar jikinsa ta lalace ƙwarai, ko wanda ake yi wa maganin ciwon daji (kansa), ko wanda a gidansu akwai mai irin wannan lalura, shi ne ya kamata a sanar da ma'aikata kafin a ɗiga masa. Wanda kuma ya taɓa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan wata allurar rigakafi, a faɗa kafin a sake yi masa.

Inna_Bilbis:
To ni ga abin da ya faru a gidana. Jikana ya sha ɗigon ranar Asabar, ranar Talata ya kama zazzaɓi mai zafi, muka kai shi wurin wani mai allura a unguwa ya yi masa a ɗuwawu. Washegari ya fara jan ƙafar hagu, har yau bai daidaita ba. Ubansa ya ce ɗigon ne, ya rantse ba za a sake ɗiga wa wani yaro a gidan ba.

Majo_mai_ritaya:
Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan yanke hukunci kan yaron da ban gani ba, amma na sha ganin irin wannan. Akwai babbar jijiya da ta ratsa ta ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa, kuma allurar da aka soka ba a wurin da ya dace ba, musamman ta kinin, tana iya taɓa ta, ƙafar ta mace nan take ko washegari. Wannan ya nakasa yara da yawa a ƙasashenmu, shi ya sa ake hana yi wa ƙananan yara allura a ɗuwawu. Shanyewar da ke biyo bayan ɗigo, a inda ta faru, ba ta cika zuwa da sauri haka ba.

Duk da haka kada ku zauna kan zato. Ƙa'ida ita ce, duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya, a kai rahotonsa CSI. Za a ɗauki bayan gidansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla kwana ɗaya, an fi so cikin kwanaki 14 na farko, a aika ɗakin bincike, kuma ba a karɓar ko dala. Can ne za a gane ko akwai ƙwayar, da kuma wace iri ce. Ko lokacin ya wuce, ku kai shi, domin gashin ƙafa da motsa jiki na taimakawa idan an fara da wuri.

Ɗan_Adar:
Baba Majo, na ji bayaninka, amma ga inda na tsaya. Kai da kanka ka ce allurar ba ta iya haddasa cutar, ɗigon kuwa yana iya. Ɗan'uwana da ke Faransa ya ce can allura kawai ake yi wa yara. Me ya sa mu aka bar mu da mai haɗarin? Ranmu bai kai nasu ba ne?

Majo_mai_ritaya:
Tambayarka a kan hanya take, ɗana. Gaskiya ne ƙasashen Turai allura suke yi, Amurka ma ta koma allura zalla tun 2000. Amma sai da suka kori cutar daga ƙasashensu suka yi haka, kuma yawancinsu da wannan ɗigon suka kore ta. Bambancin shi ne, allura tana kare yaro daga shanyewa, amma ba ta gina kariya mai ƙarfi a hanji, don haka yaron da aka yi wa allura kaɗai yana iya ɗaukar ƙwayar ya zuba ta a unguwa ba tare da ya yi ciwo ba. Inda masai da ruwan famfo suka wadata, wannan ba babbar matsala ba ce. A wurinmu babba ce. Ga tsada, ga buƙatar ma'aikacin da ya iya allura, alhali ɗigo kowane mai sa kai da aka horar zai iya bayarwa.

Kuma ba a zauna haka ba. Ƙwayar iri uku ce. Iri na biyu na daji, wato na asali wanda ba daga ɗigo ya fito ba, an daina ganinsa tun 1999, shi ya sa a watan Afrilun 2016 aka cire shi daga ɗigon yau da kullum a duniya baki ɗaya, aka shigo da allura cikin karne. A nan aka samu giɓi, domin yaran da aka haifa bayan haka da yawa ba su samu allurar ba, sai iri na biyu mai sauya kama ya samu fili. Don toshe wannan ne aka ƙera sabon ɗigo, nOPV2, wanda aka gyara ƙwayarsa yadda komawarta mai ƙarfi zai yi wuya sosai, aka fara amfani da shi a 2021. Bai kawar da haɗarin ɗungurungum ba, amma ya rage shi. Manufar ƙarshe ita ce a daina ɗigon baki ɗaya idan cutar ta ƙare.

Malamin_lakwal:
In ƙara a kan na Baba Majo. A 1988, lokacin da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da cutar, ana ƙiyasin yara dubu 350 ke shanyewa kowace shekara a ƙasashe 125. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar daji, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. Yanzu Pakistan da Afganistan ne kawai ba ta taɓa yankewa ba. Kuma a tuna, cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga, kusan ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yawo da ita lafiya lau. Gurgu ɗaya a gari alama ce ta cewa ƙwayar ta riga ta zaga gidaje.

Alaramma_Sabon_Gari:
Ta fuskar addini, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma tsare yaro daga cuta kafin ta zo yana cikin riƙon amana. Saudiyya kanta tana neman shaidar wannan rigakafi daga mahajjatan ƙasashen da cutar ke yawo. Amma amana ta hau kan ma'aikata su ma. Wanda ya shafa wa yaro tawada bai ɗiga masa ba don ya cika lissafi, ko ya ba da kwalbar da ya san ta lalace, ya ci amanar Allah da ta iyaye.

Ɗan_Adar:
Allah ya gafarta Malam, wannan na ƙarshen shi ne maganata. Na gamsu cewa maganin ba guba ba ne. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa da za a zo mana da gidan sauro da maganin zazzaɓi da ruwa mai tsabta da irin himmar da ake zuwa da ɗigo, babu wanda zai rufe ƙofa. Baba Majo da kansa ya ce najasa ce hanyar cutar.

Baban_Nana:
Na gode muku duka, musamman Baba Majo da Hajiya ungozoma da yayana tela. Jiya da dare na ɗauko karnen Nana na duba, na ga an rubuta allurar sati 14. Na nuna wa uwarta maganar tambarin kwalba, ta ce ita ba ta taɓa lura da shi ba, amma wannan karon za ta ce a nuna mata. Idan sun zo zan bari a ɗiga mata. Sai dai akwai saura: matar ƙanena ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce, a gida, kuma jaririn bai samu ɗigon haihuwa ba. Tunda an ce haɗarin ya fi yawa a shan farko, a bari masu zagaye su ɗiga masa, ko a kai shi CSI tukuna?

Ungozoma_Tawa:
Malam, kada a jira masu zagaye. A kai shi CSI gobe da safe, domin ɗigon haihuwa cikin sati biyun farko ake bayar da shi, kuma a wannan lokacin jariri yana ɗauke da kariyar da ya samu daga uwarsa, wadda ke ƙara rage wancan haɗarin. A can za a auna shi, a duba cibiyarsa, a yi masa allurar tarin fuka ta BCG, a buɗe masa karne. Uwar ma ta je a duba ta, tunda a gida ta haihu.

Inna_Bilbis:
Baba Majo, na karanta wa uban yaron abin da ka rubuta. Bai ce komai ba kan ɗigon, amma ya yarda a kai yaron likita ranar Litinin. Yau kwana ashirin da faruwar abin, za su karɓi bayan gidan nasa kuwa?